Kai Wa Ɗan'uwa Ɗauki: Inda Doka Ta Ja Layi Tsakanin Ceto Da Kisan Kai

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwar Bawku, ko ya yi dakon motar doya a tashar Salaga, ko kuwa ya kwana a kan buhunan masara a Yendi yana jiran gari ya waye, ya san abin da kan faru idan ihu ya tashi daga wata rumfa. Kafin ka ce kwabo mutane sun yi caa, wannan da sanda, wancan da ƙarfen awo, wani kuma da duk abin da hannunsa ya kai gare shi. Haka muka taso muka tarar, kuma abin yabo ne, domin kasuwar da ba a kai wa juna ɗauki ba ta daɗewa. Sai dai akwai tambayar da masu saurare kan yi ta maimaita mana a gidan rediyo duk lokacin da aka taɓo wannan batu: idan na je ceton yarona ko maƙwabcina, mutumin da ya kawo harin ya mutu a hannuna, mene ne matsayina a gaban hukuma?

Amsar a taƙaice ita ce, dokar Ghana ta yarda mutum ya kare wani kamar yadda zai kare kansa, amma wannan izini yana ƙarewa ne a daidai lokacin da haɗarin ya ƙare. Dukan da aka ƙara bayan nan shi ne kan raba wanda zai koma rumfarsa da wanda zai tsufa a gidan yari.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 13 na tsarin mulkin 1992 ya hana ɗaukar ran kowa, amma ya keɓe yanayin da mutum ya mutu sakamakon amfani da ƙarfi daidai gwargwado domin kare wani daga farmaki. Dokar manyan laifuffuka ta 1960, wadda lauyoyi ke kira Doka ta 29, ita ta yi bayani dalla-dalla. Sashe na 37 ya ba mutum damar amfani da ƙarfin da ya wajaba don kare kansa ko wani mutum daban, har ya kai ga kisa idan larura ta yi tsanani matuƙa. A nan dokar ba ta tambayi dangantaka ba. Ko ɗanka ne aka kai wa hari, ko baƙon da ya sauko daga motar Sinkasse ba ka taɓa ganinsa ba, duk ɗaya ne. Sashe na 32 kuma ya ɗaure wannan izini da sharaɗi, cewa ƙarfin da ya zarce abin da ake bukata ba shi da kariyar doka.

Bari mu buga misali. Wani ɗan kasuwa yana lissafin ciniki da magariba, sai ya ɗaga kai ya ga wani ya shaƙe yaron shagonsa ya ɗaga wuƙa. Ya rarumi taɓarya ya maka masa sau ɗaya, mutumin ya faɗi, rai ya yi halinsa. Idan kotu ta gamsu cewa babu wata hanyar ceton yaron a wannan lokaci, wannan ɗan kasuwa bai yi laifin komai ba, za a sallame shi.

To a ce bayan bugun farko mutumin ya faɗi da ransa, wuƙar ta yi gefe, amma mai shagon, saboda firgita da tafasar zuciya, ya ƙara masa biyu ko uku har ya cika. A nan an shiga wani babi. Bugun farko halal ne a doka, na baya kuwa sun wuce gona da iri. Sashe na 52 ya ce wanda yake da hujjar yi wa wani rauni, amma ya zarce saboda tsananin tsoron mutuwa ko mummunan rauni da ya gusar masa da ikon mallakar kansa, laifinsa ya sauko daga kisan ganganci zuwa wanda ke ƙasa da shi, wato abin da ake kira mansilota a kotu. Haka nan wanda aka tsokana matuƙa har hankalinsa ya gushe.

Sai hali na uku. Maharin ya kuɓuce ya ruga, mai shagon ya kira matasa suka bi shi har bayan tasha, suka cim masa suka yi ta duka har ya daina motsi. Yaron shagon dai ya riga ya tsira tun kafin a fara gudun. Babu sauran wanda ake karewa, don haka babu sauran kariyar doka. Ramuwar gayya ce, kuma mai gabatar da ƙara zai iya kiranta kisan ganganci. Kada wani ya dogara da cewa zai ce bai yi nufin kisa ba, domin dokar tana ɗaukar cewa wanda ya aikata abin da kowane mai hankali ya san yana da babban haɗarin kisa, to ya nufi kisan, sai in ya nuna akasin haka.

Tsakanin hali na farko da na uku, mai karatu, wani lokaci minti biyu ne kacal.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna gaban malamai. A fiƙihu ma ana tunkuɗe maharin ne da mafi sauƙin abin da zai tsayar da shi, idan tsawa ta isa ba a kai ga sanda, idan sanda ta isa ba a kai ga makami, kuma hukunta mai laifi aikin hukuma ne.

Wani giɓi da ya shafi 'yan kasuwa

Akwai wani wuri a dokar da ya kamata mutanen kasuwa su lura da shi. Sashe na 53 ya lissafa abubuwan da za a iya ɗauka a matsayin matsananciyar tsokana, cikinsu har da mutum ya ga ana yi wa matarsa, ko mijinta, ko ɗansa, ko mahaifinsa mummunan duka a gaban idonsa, ko kuma wani da ke ƙarƙashin kulawarsa. Yaron shago ko almajirin da aka damƙa maka amana zai iya shiga wannan jeri. Amma maƙwabcin rumfa da kuka shekara ashirin kuna cin tuwo a kwano ɗaya fa? Ko abokin fataucin da kuke hawa mota ɗaya daga Kumasi? Ba a ambace su ba.

Ma'ana, doka ta ba ka damar ceton kowa, amma idan ka zarce, rangwamen tsokana ya fi kusa da wanda ya kare jininsa fiye da wanda ya kare maƙwabci. Mu kuwa a zango, inda da yawa daga cikinmu kakanninmu fatauci ne ya kawo su, maƙwabci shi ne dangi. Sashe na 54 kuma ya ƙara toshe ƙofa, domin babu rangwame ga wanda ya sami lokacin da zuciyar mai hankali za ta huce kafin ya aikata, ko wanda dama yana da tsohuwar niyya. Wannan magana ta shafi Bawku kai tsaye, garin da rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya ci rayuka masu yawa, ya jawo dokar hana fita, ya kuma sa fatake suka riƙa bin hanya da rakiyar jami'an tsaro. Wanda aka taɓa ɗan'uwansa jiya, ya kwana ya tashi ya ɗauki makami yau, ba zai ce wa alƙali kariya ya je yi ba.

Nawa ne hukuncin?

Shekara da shekaru, wanda aka samu da kisan ganganci a Ghana hukuncinsa kisa ne, ko da yake rabon da a zartar da shi tun 1993. A watan Yulin 2023 majalisar dokoki ta amince da ƙudurin da ɗan majalisa mai wakiltar Madina, Francis-Xavier Sosu, ya gabatar, wanda ya maye gurbin hukuncin kisa da ɗaurin rai da rai a irin wannan laifi. Shi kuwa mansilota yana cikin manyan laifuffuka masu daraja ta ɗaya, kuma sashe na 296 na dokar tsarin shari'ar laifuffuka, wato Doka ta 30, ya ce hukuncin irinsu ɗaurin rai da rai ne ko abin da ya gaza haka. Fili ne mai faɗin gaske aka bar wa alƙali, daga 'yan shekaru kaɗan har zuwa ƙarshen rayuwa.

Abin da alƙalai ke dubawa wajen auna hukunci an jera shi tun 1971 a shari'ar Kwashie, wadda har yanzu ake kafa hujja da ita. Ana duba girman laifin, da yadda mutanen kirki ke ƙyamarsa, da ko an shirya shi tun farko, da yadda ya yawaita a yankin da aka aikata shi ko a ƙasa baki ɗaya, da ko ya ƙaru kwatsam, sannan abubuwan da ke sassautawa ko tsanantawa, kamar ƙuruciya, kyawun hali da irin muguntar da aka nuna. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan mai shagonmu na hali na biyu, abubuwa da dama suna gefensa: ba shi ya fara ba, bai shirya ba, abin da ya tarar a kusa ya ɗauka, kuma ba a taɓa kama shi da laifi ba. Abin da zai iya juya masa baya shi ne batun yawaitar laifi a yanki. A wurin da zubar da jini ya zama ruwan dare, alƙali na iya ganin wajibinsa ne ya tsananta domin ya zama darasi ga na baya, sai mutumin da ya je ceto ya biya bashin da wasu suka ci.

Shari'o'i biyu na cikin gida sun nuna yadda ma'aunin ke aiki. A watan Yulin 2020, a ƙauyen Kafaba da ke kusa da Salaga, aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90, Akua Denteh, dukan da ya yi ajalinta bisa zargin maita, jama'a na tsaye suna kallo, wani kuma yana ɗaukar bidiyo. A watan Yulin 2023 Babbar Kotun Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce, bayan sun amsa laifin mansilota. Tsohuwar ba ta ɗaga wa kowa hannu ba, don haka babu batun kariya a wannan shari'a ko kaɗan, duk da cewa an yi abin ne da sunan tsare gari daga sharri. Darasin da ke ciki shi ne, zaton cewa wani mugu ne ba ya zama hujja, kuma ko an sauko daga kisan ganganci, abin da ya rage ba ƙarami ba ne.

Ta biyu ita ce ta Manjo Maxwell Mahama, hafsan sojan da mutanen Denkyira-Obuasi suka kashe ranar 29 ga Mayun 2017 bayan an ga bindiga a jikinsa an ɗauka ɗan fashi ne. A watan Janairun 2024 Babbar Kotu a Akra ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai, ciki har da wakilin yankin a majalisar ƙaramar hukuma, ta sallami biyu. Duk wanda ya ɗauki dutse a ranar yana ganin garinsa yake karewa. Wannan shi ne ƙarshen ihun "ɓarawo!" idan ba a sami mai hankalin da zai tsaya a tsakani ba. Mu tambayi kanmu, sau nawa muka bi sahun masu gudu a kasuwa ba tare da mun san abin da aka sata ba, balle wanda ya sata?

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Maƙwabtanmu na Nijeriya sun sha muhawara a kan wannan layi saboda shari'ar Sunday Jackson, wani manomi a jihar Adamawa. A 2015 wani makiyayi ya kai masa hari da wuƙa a gona, suka yi kokawa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi ya mutu. Babbar Kotu a Yola ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa da ya ƙwace makamin yana da damar gudu. Mai shari'a Helen Ogunwumiju ce kaɗai ta saɓa wa sauran. Sai a watan Disamban 2025 gwamna Ahmadu Fintiri ya yi masa afuwa, bayan ya shafe kimanin shekara goma a tsare. Ko mutum yana ganin kotun ta yi daidai ko ta yi tsauri, abin lura shi ne dukkan shari'ar ta rataya ne a kan 'yan daƙiƙoƙin da suka biyo bayan ƙwace wuƙar.

A Ingila kuwa, a 2008, wani ɗan kasuwa Musulmi mai suna Munir Hussain ya dawo daga masallaci da iyalinsa a garin High Wycombe, ya tarar da ɓarayi a gida, suka ɗaure su suna barazana da wuƙa. Da suka kuɓuta, shi da ɗan'uwansa suka bi ɗaya daga cikin ɓarayin a titi suka yi masa dukan da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Mutumin bai mutu ba, amma a ƙarshen 2009 kotu ta ɗaure Munir wata 30. A watan Janairun 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin zuwa shekara ɗaya, ta kuma jingine shi aka sake shi, saboda ta yi la'akari da irin tashin hankalin da iyalinsa suka gani. Ba ta wanke shi daga laifi ba. Wato kotu na iya tausaya wa mutum a wajen auna hukunci, ba tare da ta ce abin da ya yi daidai ne ba.

Wahalar da ke gaban hukunci

A haƙiƙanin gaskiya, ga talaka, azabar takan fara tun kafin alƙali ya buɗe baki. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin awa 48, amma shari'ar kisa sai ta bi ta ƙaramar kotu, a jira shawarar ofishin Antoni Janar, sannan a tura ta Babbar Kotu inda mutum bakwai 'yan juri za su zauna tare da alƙali. Shari'ar Kafaba ta ci shekara uku, ta Manjo Mahama ta haura shida, alhali duka biyun idon duniya na kansu. A wannan tsakani rumfa ta rufe, jari ya narke a kuɗin mota zuwa Tamale ko Bolgatanga, yara sun bar makaranta.

Akwai 'yan sauye-sauye da ya kamata a sani. Tun 2016, a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, Kotun Ƙoli ta soke tanadin da ya hana beli kwata-kwata a wasu laifuffuka, don haka ko wanda ake tuhuma da kisa yana iya neman beli, ko da yake bayarwa na hannun kotu. Tsarin mulki ya kuma wajabta a lissafa zaman da mutum ya yi a tsare idan an zo yanke masa hukunci. Sannan dokar 2022 ta kawo tsarin sasantawa da mai gabatar da ƙara, inda wanda ake tuhuma kan amsa laifi a rage masa. Wannan hanya tana gajarta wahala, amma tana da nata haɗari, domin mutumin da ke da cikakkiyar hujjar kariya, idan ya gaji da zaman jiran shari'a kuma ba shi da lauya, zai iya amsa laifin da bai yi ba don dai ya san ranar fitarsa.

Wani abin da ke ruɗin mutanenmu shi ne sulhu. Idan an yi rashi irin wannan, dattawa kan taru a gidan sarkin zango, a ba da haƙuri, wani lokaci a biya diyya. Wannan yana da amfani ƙwarai wajen kashe wutar gaba, kuma alƙali na iya jin labarinsa lokacin roƙon sassauci. Amma ba ya rufe fayil, domin sulhun da dokar kotuna ta yarda da shi na ƙananan laifuffuka ne. Shari'ar rai tsakanin Jamhuriya ce da wanda ake tuhuma.

Abin yi

Ga hukuma, lokaci ya yi da majalisa za ta sake duba sashe na 53, ta faɗaɗa shi ya haɗa da duk wanda aka yi wa mummunan hari a gaban mutum, tunda sashe na 37 bai bambance dangi da bare ba. Ya kamata kuma a fitar wa alƙalai fayyataccen ma'auni a kan wanda ya zarce a wajen ceto, domin kada a auna shi da mudu ɗaya da wanda ya fito da niyyar ta'asa, kuma kada hukuncin Tamale ya yi hannun riga da na Bolgatanga a kan laifi iri ɗaya. Hukumar ba da tallafin lauyoyi kyauta ita ma tana bukatar ƙarin ma'aikata a garuruwan kan iyaka.

Ga mu 'yan kasuwa kuwa, kada wannan bayani ya sa kowa ya naɗe hannu yana kallo ana yanka maƙwabcinsa. A kai ɗauki, amma da zarar makami ya faɗi ko maharin ya juya baya, a tsaya. A riƙe shi idan an iya, a miƙa wa 'yan sanda. Idan ya ji rauni a kai shi asibiti, domin wannan kaɗai na iya sauya yadda kotu za ta kalli niyyar mutum. Idan ƙaddara ta riga fata, kada a tsallaka Togo ko Burkina Faso, gudu yakan sa mai gaskiya ya yi kama da mai laifi. A kai kai ofishin 'yan sanda tare da dattijo, a riƙe sunayen waɗanda suka ga farkon abin, domin mafi yawan shaidu ƙarshen faɗa suke tararwa. A nemi lauya, haƙƙi ne da tsarin mulki ya bayar, haka ma tafinta a kotu. Kada kuma a dangwala hannu a kan takardar da ba a karanta wa mutum ita cikin harshen da yake ji ba.

Sarakunan kasuwa, shugabannin direbobi da limamanmu su ma suna da rawar takawa. A kowace kasuwa akwai dattawan da idan suka ɗaga hannu matasa kan dakata, to a san su, a kuma ba su goyon baya tun kafin ranar ta zo. Masu iya magana sun ce ɓarnar ruwa ta fi ta wuta, kuma taron da ya zo ceto idan ya ɓalle ya fi maharin ɓarna. Wanda ya ceci rai ɗaya ya salwantar da wani ba bisa larura ba, gida biyu ya jefa cikin makoki, na mamacin da nasa.

Allah Ya tsare mu da aikin da-na-sani, Ya ba mu zaman lafiya a kasuwanninmu.